Layin Malam Ari a Bayan Taga

Ku ɗaliban da ake aiko mana kowace shekara ku yi sitaj, wato koyon aiki, da an ce a rubuta tiriga sai in ga kuna murmushi. Ku buɗe intanet, ku kwafo wadda wani ya rubuta wa kantin takalma a ƙasar da ba ku taɓa zuwa ba, ku canza sunaye, ku miƙe ƙafa ku ce an gama. Kwanan baya na ga ɗayanku yana rubuta tiriga da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kan waya yana lallashin budurwa. Na tambaye shi, idan mutumin da za a shigar yana ciki tun da fa, me tirigarka za ta yi? Ya dube ni kamar na yi masa Tubanci. Ban yi faɗa ba, don likita ya hana ni. Na dai ce zan zauna in rubuta muku yadda aikin nan yake, ko mutum ɗaya ya karanta.

Zan fara daga tushe, saboda wanda ba sana'arsa ba ce. Bayanan da ma'aikata ke tarawa ana zuba su ne cikin ordinatar, wato kwamfuta, a wata ma'ajiya da muke kira baz. A cikin baz akwai tebura: wannan na gidaje, wannan na mutanen da ke cikin gidajen, wancan na gonaki. Kowane gida layi ɗaya ne a teburinsa. Ba a barin mai shigar da bayanai ya taɓa teburan nan kai tsaye, don ran da hannunsa ya zame sai a nemi gari guda a rasa. Sai mu huda masa taga. Tagar tana ɗebo abin da ya shafe shi daga tebura biyu ko uku, ta jera masa a layi ɗaya, ta ɓoye sauran. Leƙe ta taga ba wuya. Wuyar tana wajen miƙa hannu ta cikinta a gyara wani abu, domin taga ba ta ajiye komai, nuni kawai take yi. Dole a tsayar da wani a bayanta, ya karɓi abin da aka miƙo, ya san wanne zai kai teburin gidaje, wanne na gonaki, wanne kuma zai ƙi karɓa. Wannan mai tsayuwa a bayan taga ita ce tiriga. Ba ta gani, ba ta tausayi, abin da ka rubuta mata shi za ta yi ta yi, ko da kai an daɗe da kai ka makwanci.

Aikin da na fara yi na wani kantin magani ne a unguwar Zango. Lokacin ina ƙarƙashin Mushe Lawali (Mushe shi ne Malam a bakin ƴan bokon nan), wanda ya koya mini sana'ar, wani gajeren mutum mai sanƙo da ba ya dariya sai in wani ya yi tuntuɓe. Bai yarda in taɓa ordinatar ba sai na rubuta komai a takarda na karanta masa da baki. Shi ya fara nuna mini cewa tiriga abu biyu ake miƙa mata, tsohon layi da sabon layi. In gyara ake yi tana samun duka biyun, ta kwatanta. In gogewa ce, tsoho kawai take gani. In kuwa shigarwa ce, sabo kawai ake ba ta, ba ta san komai game da jiya ba sai in kai ka aike ta ta duba. Mai kantin, wani Alhaji, ya ce yana so in magani ya lalace ya iya goge shi daga tagarsa. Na rubuta a takarda: a goge. Na karanta wa Mushe Lawali. Ya cire tabarau ya ce, "Habu, da Alhaji ya ce goge, goge yake nufi? Tashi ka je ka tambaye shi." Na taka cikin rana har Zango. Alhaji ya ce, "Wane irin goge kuma? Ni dai kar in gan shi a gabana. Amma in masu lanho, masu karɓar harajin nan, suka zo bincike, ina so su ga na saye shi kuma na zubar." Na dawo na yaga takardar. Daga ranar na gane rabin sana'ar nan a ƙafa yake, a je a zauna da mutum har a ji abin da bai faɗa ba.

Kayan aikinmu a lokacin ba irin naku ba ne. Sarwar, wato babban ordinatar da baz ke zaune cikinsa, yana wani ƙaramin ɗaki da shi kaɗai ke da kilima, na'urar sanyaya ɗaki, a duk biro, wato ofis ɗinmu. Mu muna waje gumi na bin bayanmu, shi yana ciki yana shan sanyi kamar amarya. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa ba sallama. Akwai ondular da ya kamata ya riƙe wuta kafin mai gadi ya tada gurup, injin ba da wuta, amma zafin bazarar Damagaram ya kumbura baturansa, sai dai ya yi ƙara ya mutu. Shi ya sa Mushe Lawali ya dasa mini a kai cewa duk abin da tiriga za ta taɓa, ko ta gama shi duka, ko ta mayar da shi yadda ta same shi. In kuran ya ɗauke bayan ta rubuta gida amma ba ta rubuta gonarsa ba, ka haifi gida marar gona, kuma ba mai sani sai ranar rabo. Ku da kuke ajiye komai a sarwar da ke wata ƙasa ba ku san wannan fargabar ba.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta, Mushe Lawali ya riga ya rasu, ni kuma ina aiki da wani poroje, wato shiri na agaji, a bironsu na nan Damagaram. Damina ta yanke tun hatsi bai cika ido ba. Wanda ya saba ɗaure damma da yawa ya kwaso gonarsa kaf a amalanke ɗaya. Tun sanyi bai fita ba rumbuna suka yi fayau, aka shiga cin ganye da dusa, dabbobi kuma ana kai su kasuwa kafin su faɗi da kansu. Aikinmu rabon hatsi a ƙauyukan Dakusa da Garagumsa. Masu ƙidaya suna yawo a kan babura suna rubuta gidaje, su kawo, a shigar cikin baz. Kowane gida ana sa masa alama ɗaya cikin biyu, ko yana nan, ko ya ƙaura. Tagar da masu shigarwa ke aiki da ita tana nuna waɗanda suke nan ne kawai, kuma daga cikinta ake buga bon, ƴar takardar da mai magaza, wato mai kula da ɗakin ajiyar hatsi, ke karɓa ya ba da buhu. Dokar daga Yamai ta zo, kuma tana da dalili. Buhuna ba su kai yawan bakuna ba, ga shi an kama masu karɓa da sunan gidajen da babu kowa cikinsu. Wajen rabon abinci tagar nan daidai take: wanda ba ya nan ba zai ci ba.

Amma mutumin ƙasar nan in rumbu ya ƙare ba ya zama ya zuba wa ƴaƴansa ido. Yakan toshe ƙofa da ƙaya, ya kwashe iyali ya yi kudu, Daura ko Kano, ya yi dako, ya yi ga-ruwa, matar ta yi surfe a gidajen mutane. Jikinsa na can, kunnensa na gida. Ran da ya ji an yi ruwan shuka a garinsu, ko a tsakiyar aiki yake zai ajiye ya kama hanya. Wannan cin rani ne, kaka da kakanni haka ake yi. Mai ƙidaya kuwa in ya zo ya ga ƙaya a ƙofa, gurbi biyu ne a takardarsa, sai ya cike na ƙaura. Da an shigar da alamar, layin gidan ya fita daga taga. Gab da damina iri ya iso, hatsi mai saurin nuna da aka ce a raba wa manoma. Babu lokacin huda sabuwar taga, sai aka ce a yi rabon ta wadda ke akwai.

Ruwan farko ya sauka mai ƙarfi. Kashegari da hantsi Madan Zainabu ta kira ni. Ita ce babbar mai shigar da bayanai a bironmu, mace mai saurin hannu da kaifin baki, wadda ko shaf, shugaban biro, yana kiyaye ta. A gabanta wani dogon mutum ne a tsaye, ramamme, rigarsa duk ƙurar mota, yana riƙe da katin poroje a naɗe cikin leda. Sunansa Malam Ari, daga wani ɗan ƙauye bayan Garagumsa.

"Mushe Habu, zo ka ga ikon Allah," in ji ta. "Na nemi lambar katin Baba, babu shi a taga. Na ce to in shigar da shi sabo, mashin ta ce yana ciki. Ba ya nan, kuma yana nan. To ina yake?"

Na koma teburina na leƙa bayan taga, don ina da izinin dubawa. Ga layinsa nan, da mutanen gidansa, da gonarsa, da alamar ƙaura. Madan ba za ta iya cire alamar ba, tunda layin da ba ka gani ba ka gyara shi. Ba za ta iya shigar da shi sabo ba, tunda lambarsa tana ciki kuma baz ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu. Na dawo na yi masa bayani da Hausa mai sauƙi.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Mushe, ni ban ƙaura ba. Wa ya ce na ƙaura? Kabarin ubana na can, gonata na can. Abin da yara za su ci na je nema."

Na ce, "Na sani, Malam. Za a gyara."

"Yaushe?" Ya ɗaga hannu ya kama wuyan hannunsa da yatsu. "Da asuba na tona, laima ta kai nan. In ba a sa iri ba, rana za ta shanye abinta."

Na tambaye shi ko bai ajiye iri nasa ba. Ya ce sun cinye kafin su tafi, ya kau da kai, ni ma na ji kunyar tambayar.

Za ku ce ai sai in sa hannu in canza alamar. Da hali da na yi. Makullin da ke ba da damar taɓa tebura ko canza tsarin baz na gaske yana Yamai, tun ran da aka yi wani gyara da ka a wani biro, kamiyo, manyan motocin kaya, suka kai hatsi garin da ba shi ba. Shaf Isufu, shugaban bironmu, mutumin kirki ne, nan take ya ɗauki waya. Amsar da aka ba shi ita ce in rubuta gyaran, in gwada, in aika, su duba, sannan a ɗora wa dukan birori lokaci ɗaya. Ya taka da ƙafarsa wajen mai magaza, shi kuwa ya ce ko uwarsa ce ta zo babu bon ba zai buɗe ba, don wanda ya gada a kujerar a kan haka aka kore shi. Madan Zainabu ta rage murya ta ce mu ba Baba sabuwar lamba mu shigar da shi kamar baƙo. Hakan ma bai yiwu ba. Iri ana ba da shi ne gwargwadon gona, gonarsa kuwa tana ɗaure da tsohon layin, kuma gona ɗaya ba ta shiga gida biyu. Kafin la'asar mutum irinsa sun cika inuwar bishiyar dogon yaron da ke farfajiya, duk masu dawowa daga cin rani.

Abin da ake bukata tirigar shigarwa ce sabuwa, wadda in an miƙo mata sabon layi ba za ta yarda sabo ne ba sai ta je ta duba bayan taga. In ta sami gidan a kwance da alamar ƙaura, sai ta tashe shi maimakon ta ƙi. A baki abu ne mai sauƙi. Rubutun farko da na yi layi kaɗan ne, irin wanda saurayinmu mai budurwa zai gama kafin shayi ya tafasa. Na gwada shi a kan kwafin baz, da lambar Malam Ari, ya tashi lafiya lau. Sannan na fita farfajiya na zauna da mutanen, kamar yadda aka koya mini, sai kaina ya fara ciwo.

Da yawansu katin ya ɓace a hanya, ko ruwa ya cinye shi. Dole ke nan a nemo mutum da sunansa da na ubansa da garinsu. Na gwada, sai na sami ƙauye ɗaya a Dakusa inda magidanta da dama suke da suna ɗaya da sunan uba ɗaya, duk kuma sun tafi cin rani. In tiriga ta tashi wanda ba shi ba, an ba mutumin da ke Kano iri, wanda ke tsaye gabanka kuma an rufe masa ƙofa har abada. Sai na sa ta haɗa da sunan matar gida da wurin da gona take, in kuma duk da haka ta sami fiye da ɗaya, ta tsaya ta faɗa wa mai shigarwa dalili da magana mai ma'ana, ba da lambar kuskure ba. Sannan gidajen ba yadda suka tafi suka dawo ba. Da na karanta wa Malam Ari sunayen mutanen gidansa don in tabbatar, na zo kan mahaifiyarsa ya ce Allah ya yi mata rasuwa a Daura. Na zo kan ƴar autarsa ya ce ita ma. Ya faɗa ne kamar mai amsa tambayar likita. Na yi masa gaisuwa, na koma ciki na rubuta yadda tiriga za ta sa wa irin waɗannan alama ba tare da ta goge su ba. Akwai kuma waɗanda suka bar mata da yara a gidan dangi a wani gari, masu ƙidaya suka rubuta su a can. Su ma dole tiriga ta ciro su ta mayar gidansu, in ba haka ba mutum ɗaya ya zama biyu. Duk wannan kuwa ko ta yi shi gaba ɗaya ko ta bari gaba ɗaya, saboda kuran.

Laimar ruwan farko ta bushe ina kan rubutu. Na aika Yamai. Aka yi shiru, don mai dubawar yana kan hanya, sannan aka dawo mini da ita. Ya ce in masu shigarwa biyu suka tashi gida ɗaya a lokaci guda, bon biyu za su fito. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zazzage shi a zuci, amma na gwada na ga gaskiyarsa ce. Na sa tiriga ta riƙe layin da take aiki a kai har ta gama, na sake gwada komai daga farko, na sake aikawa. Duk wanda ya ce muku gaggawa da inganci suna tafiya tare a aikin nan bai taɓa yin sa ba.

Malam Ari bai koma gida ba. Ya ce in ya koma ba shi da abin dawowa. Yana kwana a tashar mota, da safe ya yi dako a kasuwa, da hantsi ya zo ya zauna ƙarƙashin dogon yaro. Bai taɓa ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. In na fito sai ya miƙe ya ce, "Mushe, ina aiki?" In ce da godiya. Ya ce, "Tagar ta buɗe?" In ce tukuna. Ya ce Allah ya sa, ya koma ya zauna. Na kai ga in zan fita alwala sai na bi ta ƙofar baya.

Ruwa na biyu da rana tsaka ya zo. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, ma'aikata suka fito baranda suna murna, mata a unguwa suna jera bokitai ƙarƙashin indararo, don kun san garin nan da ƙishirwa. Mutanen farfajiya suka rugo suka fake tare da mu. Malam Ari ya tsaya a bakin baranda, feshin ruwa na jiƙa masa ƙafa, yana kallon yadda ƙasa ke sha. Na tsaya kusa da shi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan na biyu ke nan."

Da ruwa ya tsagaita, ni da Madan Zainabu muka aika aka auno masa ƴan tiyoyin hatsi a kasuwa. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo a tafin hannu, ya murza, ya ciza ƙwaya ɗaya.

"Wannan na kudu ne, Mushe. Damina mai tsawo yake so. In na shuka shi yanzu, kara zan girbe."

Madan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, abin da muka samu ke nan."

"A'a, ƴata, Allah ya saka da alheri. Yara za su ci." Ya ɗaure bakin buhun. "Zan koma, na bar su babu komai. In ta buɗe, a aiko mini ta hannun maigari."

Madan ta buga kwafin katinsa ta ajiye. Ya saɓa buhun a kafaɗa ya fita.

Izini ya zo bayan ruwa na uku. Aka ɗora tirigar daga Yamai, aka kira shaf aka ce a gwada. Madan Zainabu ba ta fara da kowa ba sai da kwafin katin nan. Ta shigar da lambar, ta danna, layin Malam Ari ya fito a taga, da gonarsa, da mutanen gidansa da suka rage. Bon ya fito daga mashin da ɗuminsa. Ta yi guɗa a cikin biro, shaf bai hana ta ba. Ranar mun tashi gidaje masu yawa, kuma gaskiya wasu sun ci moriyar abin, sun shuka a makare sun sami ɗan abin da suka samu. Ni kuwa na roƙi shaf ya bar ni in bi kamiyon da zai kai iri yankin Garagumsa. Ban taɓa roƙon irin wannan ba, aikina a kujera yake.

A hanya gonaki sun yi kore, hatsin waɗanda suka shuka da ruwan farko ya kai ƙwauri, ana ta noma. Muka sauka daga kwalta muka bi yashi har ƙauyen. Maigari, wani tsoho mai ido ɗaya, ya tarbe mu a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa na ciro bon na ce na kawo wa Malam Ari irinsa. Tsohon bai karɓa ba. Ya miƙe ya ce in biyo shi.

Gidan yana ƙarshen gari. Babu ƙyaure a ƙofa, ɗakin kuma babu rufi, sai bango tsirara da ramukan da aka zare itatuwa.

"Ya jira, Mushe," in ji maigari. "Da ya ji ƙarar mota sai ya fita bakin hanya. Da aka yi ruwan nan na uku bai ga kowa ba, sai ya ba wani mai hali jinginar gonar, ya karɓi hatsi da abin mota. Ya zare azara da ƙyaure ya sayar."

Na ce, "Ina ya nufa, Baba?"

"Arewa, aka ce. Wajen Agadas. Matar da yara ya kai su wajen danginta."

"Zai dawo?"

Ya dube ni da idonsa ɗaya. "Wanda zai dawo ba ya zare azara."

Ya nuna mini gonar daga nesa. Ƴan ƙwadago ne a ciki suna shuka wa mai jingina wake. Na tsaya da takarda a hannu kamar wawa. Baƙin cikin da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinsa a kan aiki ba, kuma babu wanda zan kama in ce shi ne. Maigari ya tambaya ko za a bar buhun a raba wa maƙwabta. Direba ya ce buhun da bon ɗinsa yake tafiya, in mai suna bai sa hannu ba, magaza zai koma. Muka ɗora shi muka juyo.

Da safe na shiga biro, layin mutane ya riga ya kai bakin ƙofa. Madan Zainabu ta ɗago kai tana murmushi ta ce, "Ya karɓa?" Na ajiye mata bon ɗin a kan tebur. Ta dube shi, ta dube ni, na gaya mata abin da maigari ya ce. Ta jawo layinsa a taga, don dole a soke bon kafin mai magaza ya karɓi buhunsa.

"To me zan sa masa, Mushe Habu?"

Na ce ta sa abin da yake.

Hannunta ya daɗe a kan madannin kafin ta danna alamar ƙaura. Layin ya fita daga taga. A ƙasan allo mashin ta rubuta cewa an gyara layi ɗaya, babu kuskure. Na je teburina na leƙa baya kamar yadda aiki ya ce, na ga gida da mutane da gona duk sun zauna daidai inda ya kamata. Kafin in dawo, na gaba a layi ya riga ya miƙo katinsa.